Tambaya da Amsa: Hoton Motar Tsere da Ya Fito Kamar a Ajiye Take

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila. Na je filin tsere na Santa Pod a ranar da ake barin masu motocin hawa su gwada gudunsu, amma duk hotunan da na ɗauka sun fito kamar motocin a ajiye suke. Ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren yana ga saurin ƙiftawar kyamararka, wato tsawon lokacin da take buɗe ido ta ɗauki hoto. Idan ka sa shi a 1/2000 na daƙiƙa, komai zai daskare har da tayoyi, ta yadda mai kallo ba zai bambance motar da ke tsala gudu da wadda aka bari a bakin titi ba. Ka sauke shi zuwa 1/125, ka kafa ƙafafunka, ka matse gwiwoyin hannunka a jikinka, sannan ka riƙa bin motar da kyamara kana juyawa daga ƙugu, kuma kada ka tsaya bayan ka danna maɓalli. Motar za ta fito tar, tayoyi da 'yan kallo kuwa su yi dishi-dishi, wanda shi ne ke nuna gudu. Hotuna da yawa za su lalace da farko. Idan hannunka ya faɗa sai ka gwada 1/60.

Tsawon hanyar rubu'in mil ne, wato mita 402, kuma a ganina hoto mafi armashi yana wajen layin tashi. A can ne direba yake shiga wurin da aka jiƙa da ruwa ya murza tayoyin baya har su yi hayaƙi, domin robar ta ɗumama ta kama ƙasa. A can ne kuma, da zarar koriyar fitila ta kama, bayan motar yake durƙushewa gabanta ya ɗaga. Wannan lokacin kam ka mayar da saurin zuwa 1/1000. Gilashi mai zuƙowa na 70-200mm zai wadatar daga bayan shinge, amma ka riƙa goge shi saboda ɓurɓushin roba, ka kuma toshe kunnuwanka.

Kada ka manta cewa waɗannan motoci suna da izinin hawa titi, kuma wannan ne ya bambanta su da sauran motocin tsere. Ka bari lambar mota da fitilu su fito a hoton. A gasar Drag Week da mujallar Hot Rod ta fara a Amurka a 2005, direbobi suna tuƙa motocinsu a kan titi daga wannan fili zuwa wancan, wasu suna jan ƙaramar tirela ɗauke da tayoyin tsere da kayan gyara. Santa Pod, wanda tsohon sansanin jiragen yaƙi ne da aka mayar filin tsere a 1966, yana da wurin da direbobi suke sauya tayoyi. Ka leƙa can, ka nemi izinin mai mota kafin ka ɗauka.