Shin ya halatta mai ciwon sukari ya ajiye maganin asibiti ya koma habbatus-sauda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana da ciwon sukari, shekara 6 yana shan ƙwayar metformin. Kwanan nan wani mai sayar da magungunan Musulunci ya ba shi man habbatus-sauda da wani gari ƙulle a leda, ya ce ya ajiye na asibiti, wai haɗa maganin Annabi da na Nasara raunin imani ne. Yau sati uku ke nan Baba bai sha ƙwayarsa ba. Hankalina ya tashi, amma ina tsoron in ja da hadisi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba mahaifinka lafiya.

Hadisin ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a cikin habbatus-sauda akwai waraka daga kowace cuta, ban da mutuwa. Mun yi imani da shi. Kuskuren yana cikin fahimtar da mai maganin ya yi masa.

Annabin da ya faɗi wannan, shi ne ya yi umarni a shayar da mai ciwon ciki zuma, ya yi ƙaho, ya nuna ƙusɗul Hindi (saiwar wani tsiro) ga yara masu ciwon maƙogwaro. Da ana nufin habbatus-sauda ta ɗauke wa mutum buƙatar kowane magani, da bai nuna waɗannan ba. Shi ya sa malamin hadisi Khaɗɗabi ya ce lafazin na gama-gari ne amma ana nufin wasu cututtuka keɓantattu. Ibn Hajar kuma a Fathul Bari ya yi bayanin cewa wani lokaci ana amfani da ita ita kaɗai, wani lokaci a haɗa ta da wani abu, a sha, ko a shaƙa, ko a shafa. Ga hadisin Jabir a Sahihu Muslim: kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. Ka riƙe kalmar nan “aka dace”. Dacewa tana buƙatar a san cutar, a san gwargwado, a san jikin mai sha.

Batun “maganin Nasara” kuwa ba shi da tushe. Ita kanta metformin binciken da ya kai ga haɗa ta ya faro ne daga wani tsiro mai suna galega da mutanen Turai suka daɗe suna jinya da shi. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka aka tace shi a 1820. Sinadarin artemisinin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau daga wani nau'in tazargade aka samo shi a ƙasar Sin. Duk tsirrai ne da Allah Ya fitar daga ƙasa. Masana haɗa magunguna nazarinsu suka yi, suka tace ko suka haɗa makamancin sinadarinsu, suka auna. Ranar hijira ma Annabi (SAW) ya ɗauki ɗan jagora wanda a lokacin bai musulunta ba, saboda ya san hanya kuma amintacce ne.

Don haka bai halatta mahaifinka ya ajiye maganin da aka tabbatar yana riƙe masa sukari ba tare da shawarar likita ba, domin cutarwar da ke biyo baya sananniya ce, kuma Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka. Sukari ba ya sallama in zai yi ɓarna. A hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mutum yana jin garau. Na taɓa zuwa duba wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci, ɗan gyambo ne a yatsa ya ƙi warkewa, ƙarshe sai da aka yanke ƙafar. Har yau in na tuna shi zuciyata takan sosu.

Habbatus-sauda kuwa halal ce, ya sha, amma ya sanar da likitansa ko masanin magunguna, domin tana iya ƙara sauke sukari, in ta haɗu da ƙwaya ba a lura ba sai ya faɗi fiye da kima. Garin ledar nan shi ya fi damuna. Ba suna, ba awo, ba wanda ya san abin da ke ciki. Kada ya sha. Ko wanda ke ɗauke da lambar hukumar NAFDAC ma, lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Shi kuma mai maganin ya ji tsoron Allah. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ke da lamunin abin da ya ɓata.

Kai kuma kada ka yi wa Baba gardama a gaban mutane. Ka same shi shi kaɗai, ka karanta masa wannan cikin ladabi, sannan ka raka shi asibiti a auna sukarinsa yau ko gobe. In ka ga yawan fitsari, ƙishirwa mai tsanani, amai ko magagi, kada ku jira wayewar gari.

Wallahu a'alam.