Kada ka sauke giyar Hilux ɗin tukuna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce tsohuwar Hilux ɗinka mai giyar otomatik tana tafiya lafiya da safe, amma da rana a hanyar Jidda zuwa Makka sai ta maƙale a giya ta uku, in ka kashe ka kunna ta dawo daidai. Don Allah kada ka yarda a sauke giyar tukuna. Ciwon da kashewa da kunnawa ke warkarwa galibi na lantarki ne.

Fara da batir. Lokacin da injin ke aiki, ya kamata mitar auna wuta ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Sai wayar da ta haɗa batir da jikin mota, danshin tekun Jidda yana sa ta tsatsa sosai. Tawa nan matsalar take, bayan na yi asarar riyal masu yawa.

Kada ka cire kan batir kafin a karanta lambar matsala da kwamfutar motar ke ajiyewa, domin gogewa za ta yi. In lambar P0500 ce, matsalar tana sensar gudu (na'urar da ke auna gudun mota) ko wayarta. Soket ɗin jikin giyar kuma a buɗe a duba ko mai ya shiga, a girgiza wayoyin lokacin da injin ke da zafi, domin a sanyi matsalar ba ta nuna kanta.