Gado, barewa da albasa

Wata mai karatu daga Mabera ta aiko da tambaya biyu. Ta farko: me ya haɗa gadon kwanciya da gadon da mamaci ke bari? Ta biyu: kakarta kan ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", amma in ranta ya ɓaci sai ta ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Wanne ne gaskiya?

Malama, ta farkon ba wuya. Rubutun boko ne ya gama su, baki bai gama su ba. A gadon kwanciya "ga" gajere ne, murya ba ta sauka. A na dukiya ana jan "ga", sannan murya ta faɗi a kan "do". Danginsa su ne gada, gaji, magaji da magajiya. Ko sarautun Magajin Gari da Magajin Rafi na fadar Sarkin Musulmi daga wannan tushe suke.

Ta biyun ce mai nama. Ni dai ban ga inda kaka ta yi tufka da warwara ba. Karin magana ba hukuncin alƙali ba ne, kowanne da ranar da ake ɗauko shi. Barewa ta ranar yabo ce, ranar da ɗan maƙeri ya ɗauki guduma hannunsa bai yi rawa ba. Albasa kuwa, tambayi manoman Goronyo: ruwan daɗi suke ba ta tun tana iri, ta girma ta fito da yajin da ke sa hawaye. Ita ake jefa wa ɗan mutanen kirki da ya kauce hanya, kuma ki lura, har a cikin zargin an wanke iyaye, tunda su ne ruwan.

Akwai na uku da ke sasanta su: "kyan ɗa ya gaji ubansa", ko "ubanai" a bakinmu na Sakkwatawa. Da gadon hali dole ne, ai ba a kira shi kyau ba. Nana Asma'u ba ita kaɗai Shehu Usmanu ya haifa ba. Gadon ilimin bai zo mata a kwance ba, sai da ta zauna ta yi karatu, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa mata malamai da ake kira jaji suna kai wa matan ƙauye ilimi har ta rasu a 1864.

In kin koma wurin kaka, ki tambaye ta da wa take yi ranar da ta ambaci albasa. Ina zaton ba da ke take ba.