Tambaya da Amsa: Sinadarin da ke kunna fitila a cikin ƙwayar halitta

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce aji uku a jami'a nan Gombe, malaminmu ya nuna mana hoton ƙwayoyin halitta suna walƙiya kore da ja da shuɗi kamar fitilun gidan biki, kuma wai suna raye aka ɗauki hoton. Ni dai wallahi na ɗauka fenti aka yi da kwamfuta. Ta yaya ake sa abu mai rai ya yi haske ba a kashe shi ba? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Zarginki akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin yawancin kyamarorin da ake ɗora wa maikiroskof baƙi da fari suke ɗauka, daga baya ne ake ba kowane haske launinsa a kwamfuta. Amma hasken kansa na gaske ne, daga cikin ƙwayar yake fitowa.

Kin taɓa ganin kunama an haska mata tocilan mai hasken UV da daddare? Kore shar take yi. Haka zanen da ke fitowa a jikin takardar naira idan ma'aikacin banki ya sa ta ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗi-shuɗi. To abin ke nan, sinadari ya sha haske mai ƙarfi, kaɗan ya zube a matsayin zafi, sai ya dawo da sauran da wani launi dabam, ki ba shi shuɗi ya mayar miki da kore. Wani Bature George Stokes ne ya raɗa wa lamarin suna "fluorescence" tun 1852. A 1871 kuma Adolf von Baeyer na Jamus ya haɗa sinadarin fuloresin, wanda har gobe shi ake ɗiga wa mutum a asibitin ido, a haska shuɗin haske, duk inda ido ya ƙuje sai wurin ya fito kore.

Inda gwanintar take shi ne a ɗauki irin wannan rini a ɗaura masa hannu mai kama abu guda tak. Sai ya zama ɗan leƙen asiri mai fitila a aljihu, yana zaune shiru cikin duhu, da ya cafke wanda aka aike shi nema sai ya kunna, ko launin fitilar ya canza. Wanda ya fi kowa suna a nan shi ne Roger Tsien na Amurka, shi da abokan aikinsa suka fitar da Fura-2 a 1985 mai kama sinadarin kalsiyam. Me ya sa kalsiyam? Saboda ƙwayar da ke hutawa kalsiyam ɗin da ke wajenta ya ninka na cikinta wajen sau 10,000, da zarar saƙo ya zo sai ƙofofi su buɗe ya kwararo ciki, da haka tsoka ke motsi, da haka zuciya ke bugawa. Idan kika zuba irin wannan sinadari a ƙwayar zuciya za ki ga tana ƙyaftawa daidai da kowane bugu, ni dai ranar da na fara ganin bidiyon sai da na maimaita shi ya fi a ƙirga.

Sai batun shiga gida, wanda ni a wurina shi ne wayon da ya fi burgewa. Bangon ƙwaya maiƙo ne, ba ya barin abu mai cajin lantarki ya wuce, shi kuma sinadarin caji ne da shi. Sai Tsien ya lulluɓe cajin da wani mayafi da ake ce wa AM, ya shige salin alin, yana shiga wasu inzayim (sinadaran da ke tsinka wasu sinadarai) na cikin ƙwayar su yage mayafin, shi ke nan cajin ya dawo babu hanyar fita, ya zama ɗan gida dole.

Akwai kuma hanyar da ba rini ake zubawa ba, ƙwayar da kanta ke ƙera fitilarta. Osamu Shimomura ɗan Japan ya gano furotin mai koren haske, GFP, a jikin wata halittar teku jelifish a 1962, Martin Chalfie ya dasa ƙwayar gadonsa a jikin wata 'yar tsutsa a 1994 ta haska, Tsien ya ƙirƙiro wasu launukan, su ukun suka raba kyautar Nobel a 2008.

Sai dai fa 'yata kar kyan hoto ya ruɗe ki. Baƙon nan ba ya shiga gida bai taɓa komai ba. Idan ya yi yawa shi kansa yana riƙe kalsiyam ɗin da aka ce ya auna, kin ga ya ɓata lissafi ke nan. Idan aka daɗe ana haska shi yana koɗewa kamar atamfar da aka manta a rana, sannan hasken mai ƙarfi yana iya galabaitar da ƙwayar har ta mutu kina kallo kina cewa bincike kike yi. Shi ya sa idan malaminku ya sake nuna hoto ki tambaye shi ina hoton ƙwayar da ba a zuba wa komai ba, don wasu ƙwayoyin suna da ɗan haskensu na asali.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wannan abin na Turai ne kawai ko mu ma yana amfanarmu? Daga wani ma'aikacin lab a Azare, jihar Bauchi.

AMSA: Haba abokina, ai kai ya kamata ka ba mu amsa. Rinin oramin da ake sa wa majinar mai tarin fuka ɗan gidan nan ne, ƙwayoyin cutar su fito rawaya-kore a kan baƙin fili, ka duba gilashi da sauri fiye da tsohon rinin Ziehl-Neelsen mai ja, kuma tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma maikiroskof mai fitilar LED don wannan aiki. Injin GeneXpert na gwajin tarin fuka ma a cikin katirijinsa irin waɗannan 'yan leƙen asirin ne suke kunnawa idan sun ci karo da ƙwayar gadon cutar. Bambancin kawai naku ba a kan rayayyar ƙwaya ake yi ba. Na rayayyu yana son ɗumi daidai na jikin mutum, digiri 37, da firiji da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma rinin a duhu ake ajiye shi a cikin sanyi, ka dai san yadda muke da Nepa.