Na'urar hana taya santsi bayan sauya inji

Ɗan'uwa, ka tambaya ko na'urar hana taya santsi za ta ci gaba da aiki idan ka cire injin Toyota 86 ɗinka ka sa LS3, wato injin nan na kamfanin motoci na GM na Amurka. Da kanta dai ba za ta yi ba.

Ita wannan na'ura tana dogara ne da sensocin ABS (na'urar da ke hana birki kulle taya) da ke jikin kowace taya. Da zarar tayar baya ta fi ta gaba gudu, sai ta aika saƙo ta layin CAN (wayar da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinta) zuwa kwamfutar inji a rage wuta, wani lokacin ta ɗan taɓa birkin tayar da ke zamewa. To kwamfutar LS3 ta GM ce, ba ta jin yaren motarka. Saƙon zai tafi babu mai amsawa, sai ka ga fitilar gargaɗi ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa.

Don Allah kada ka bari a cire maka fitilar a ce an gyara. Injinka na asali lita 2.0 ne, ƙarfin doki kusan 200. LS3 kuwa lita 6.2 ne, a motar Corvette ta 2008 doki 430 yake bayarwa. Ka taka totur a kwana bayan yayyafi, kafin ka ankara bayan motar ya juyo.

Ni shawarata, ka sa kwamfutar inji irin ta kamfanin Haltech ko MoTeC, wadda ke karanta gudun tayoyi ta rage wuta da kanta. Akwai kuma ƙaramar na'urar da ke fassara saƙon CAN tsakanin ɓangarorin biyu. Ka nemi mai wayarin da ya taɓa irin aikin, kuma ka sa tayoyin baya masu faɗi.