Tambaya da Amsa: Ƙetare Rubikon da ƙona gada

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Abuja. Da na shaida wa maigidana a ofis cewa zan ajiye aiki in koma Jos in kama sana'ar dankalin Turawa, sai ya ce mini, "You have crossed the Rubicon, but don't burn your bridges," wato na ƙetare Rubikon, amma kada in ƙona gadojina. Shin yabona ya yi, ko gargaɗi ne? Daga wani mai karatu, Nyanya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gargaɗin ya rinjayi yabon, ɗan'uwa. Rubikon wani ɗan ƙaramin kogi ne a arewacin Italiya, wanda a zamanin Rumawa shi ne iyaka tsakanin lardin da Yuliyus Kaisar yake mulka da ƙasar Italiya kanta, kuma doka ta haramta wa kowane kwamanda ya ƙetare wannan iyaka da rundunarsa. A shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Kaisar ya ƙetare da sojojinsa yana sane da cewa ya zama ɗan tawaye, daga nan yaƙin basasa ya ɓarke tsakaninsa da abokin hamayyarsa Pompey. Saboda haka duk wanda aka ce ya ƙetare Rubikon, ana nufin bakin alƙalami ya bushe, ba gudu ba ja da baya. Maganar ba ta ce shawarar mai kyau ce ba, kuma ko Kaisar ɗin da ya ci yaƙin, kashe shi aka yi a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa.

Kashi na biyu na maganar, wato ƙona gada, shi ne ya fi shafarka. Asalinsa dabarar yaƙi ce, inda kwamanda kan lalata gada ko jiragen da suka kawo shi domin sojojinsa su fid da rai daga komawa, kamar yadda kwamandan Sifaniyawa Hernan Kortes ya nutsar da jiragensa a gaɓar Meziko a 1519. Mu ma muna da labarin Ɗariƙu bin Ziyad a Andalus a 711, kodayake masana tarihi da dama suna shakkar batun ƙona jiragen nasa. Amma a bakin ma'aikata yau, ƙona gada na nufin mutum ya ɓata da waɗanda ya bari.

Abin da maigidanka yake faɗa shi ne ka rabu da ofis lafiya: ka ba da sanarwa kan lokaci, ka miƙa fayilolin da ke hannunka, ka yi sallama da kowa har masinja. A ganina ya yi maka adalci, domin farashin dankali a kasuwar Farin Gada ta Jos hawa da sauka yake yi, kuma wata rana kana iya neman takardar shaida daga hannunsa.