Amsa ga Hajiya: ruɓaɓɓen ganye zai iya maye gurbin garin ɓawon kwakwa a noman furannin yanka?

Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce garin ɓawon kwakwa ya yi tsada, ga shi kuma kina da tulin ganye da ciyawa da karan masara a gona, shin za ki iya ruɓar da su ki cika ledojin shuka ki dasa furannin wardi da gabera a rumfar leda? Ni ma furannin yanka, wato waɗanda ake yankewa da karansu a sayar don ado, nake nomawa a nan gefen Jos, kuma na daɗe ina haɗa takin ganye da hannuna, bari in faɗa miki abin da na sani.

Yana yi, amma don Allah kada ki zuba shi zalla. A fili, saiwa tana da inda za ta gudu in wuri ya yi mata ruwa. A cikin leda ba ta da ko'ina, ruwanta da iskarta duk suna cikin wannan ɗan abin da kika zuba mata. Ruɓaɓɓen ganye kuwa yana da laushi, yana riƙe ruwa sosai, kuma kullum aka yi ban-ruwa sai ya ƙara danƙarewa. Bayan 'yan watanni za ki ga ledar da kika cika har baki ta sauka, in kika zazzage ta ki tarar da ƙasan ya zama taɓo, saiwar da ya kamata ta zama fara sol ta koma ruwan ƙasa. Shi ya sa manyan gonakin wardi na Naivasha a Kenya da yawansu suke shuka a cikin tsakuwar dutsen aman wuta mai ramuka ko garin ɓawon kwakwa. Babu wani abincin kirki a cikin waɗannan, iska suke ba saiwa, abincin ta cikin ruwa ake tura shi.

Haɗin da nake yi shi ne: cikin kwano 10, takin ganye 3, buntun shinkafa 4, ɓawon kwakwa 3. In kuɗi bai kai ba, a rage kwakwar a sa yashin rafi mai kaushi wanda aka wanke, ba yashin shafe ba. Ban cika wuce kwano 4 na taki ba ko da kuwa ya yi kyau. Kin ga ba ki rabu da sayen kwakwar gaba ɗaya ba, amma kin rage fiye da rabin kuɗinta, buntu kuwa a wajen masu injin casar shinkafa kusan kyauta ne.

Inda aikin yake shi ne nunar takin. Ki sassare karan masarar ƙanana, don dogon kara sai ya shekara bai ruɓe ba. Ki riƙa jerawa hawa-hawa: kwando biyu ko uku na busasshe, kwando ɗaya na ɗanyen ganye, a ɗan barbaɗa kashin shanu ko na kaji, a yayyafa ruwa. Tsibin ya kai aƙalla mita 1 a tsayi da faɗi, in ya gaza haka ba ya riƙe zafi. Danshinsa kuwa, in kika matse a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu su fito, ya isa. Cikin 'yan kwanaki zai ɗau zafi. Abin da ake so shi ne digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, kuma ƙa'idar da aka sani ga tsibin da ake juyawa ita ce ya yi kwana 15 sama da digiri 55, a juya shi sau 5 a cikin wannan lokaci, yadda na gefe zai shiga tsakiya shi ma ya dahu. Wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da yawancin cututtuka. In ba ki da ma'aunin zafi, ki soka rodi har tsakiya, ki bar shi ɗan lokaci, ki zaro. In kin kasa riƙe bakinsa a tafin hannu, aiki na tafiya. Lokacin hunturu a nan Filato iska na busar da tsibi ya huce tun bai dahu ba, sai an rufe shi da tsofaffin buhuna. Da damina kuma a kare shi daga ruwan sama.

Da zafi ya sauka mutane sukan ce ya yi. Bai yi ba tukuna. Yana buƙatar a bar shi ya kwanta wata biyu ko uku, wani lokaci fiye, musamman in kara ya yi yawa a ciki. Takin da bai nuna ba yana ci gaba da ruɓewa a cikin leda, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su cinye sinadarin naitirojin da furenki ke buƙata, sai ki ga ganyen ƙasa na yin ɗorawa duk da kina ba da taki. Yana kuma fitar da iskar da ke ƙona sabuwar saiwa. Ga yadda nake gwadawa: in ɗebi cikin hannu mai danshi in ƙulle a leda kwana uku. In na buɗe na ji ƙanshi irin na ƙasa bayan ruwan farko, madalla. In wari ne mai tsami ko zarni, a mayar da shi tsibi. Sannan in shuka irin latas ko tumatir a faranti biyu, ɗaya da takin, ɗaya da yashi zalla. In na takin ya ƙi tsirowa ko ya fito a tsumbure, wardi ma ba zai ji daɗinsa ba. Ki ƙara da 'yan ƙwayoyin wake, domin akwai magungunan kashe ciyawa irin su fikuloram da ba sa mutuwa a cikin taki, wake kuwa nan da nan yake nunawa, ganyensa ya murɗe.

Sai maganar gishiri da kanwa, wadda ita ce ta fi yi wa masu farawa ɓarna saboda ido ba ya ganinta. Furannin nan sun fi son wurin da pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwarsa, yake tsakanin 5.5 da 6.5, takin ganye kuwa yawanci yana 7 zuwa 8. In ya hau haka saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kawai ke kore. A gabera aka fi saurin ganin wannan. Saboda haka kada ki zuba toka a tsibin, kuma ki guji takin bola, ban da gilas da batiri toka ce fal a cikinsa. Buntun da aka babbaka ma sai an wanke shi. Kashin kaji in ya yi yawa shi ke kawo gishiri, bakin ganye ya ƙone. Bayan na cika ledoji nakan kwarara musu ruwa har ya zube ta ƙasa sosai, sau biyu ko uku, kafin in dasa. Ƙaramar na'urar auna pH da gishiri ba ta kai kuɗin dashen layi ɗaya ba, ina ganin sayenta wajibi ne ga mai wannan sana'a. Ki kuma tuna takin ganye yana da sinadarin fotash da yawa amma naitirojin ɗinsa a hankali yake saki, don haka ba za ki daina ba da taki ta ruwa ba, fotash ɗin kawai za ki rage.

Ragowar furen da ya yi ciwo, da saiwar tumatir mai ƙulle-ƙulle, a ƙone su, kada su shiga tsibi. Ledojin kuma a ɗora su kan bulo ko shimfiɗar leda saboda gara, don tana bin ragowar kara.

Game da furannin da kika ambata, wardi yakan yi shekara biyar ko fiye a leda ɗaya, taki kuwa ƙarewa yake yi, don haka gare shi kwano 2 ya isa, a riƙa ƙarawa ta sama. Gabera ba ta son ruwa ya kwanta mata a wuya, ki dasa ta wuyanta na ɗan sama da bakin haɗin. Da ni ce ke, da furen kirisantimom zan fara, tun da wajen wata uku ake yanke shi, ko haɗin bai yi daidai ba asarar ba ta da yawa. Ki ware layi ɗaya ki gwada, sauran su zauna a kan abin da kika saba har ki ga tsawon kara da girman fure.

Wane ruwa kike ban-ruwa da shi, Hajiya, rijiya ko burtsatse? In mai kanwa ne sai mun rage takin ƙasa da abin da na faɗa. Allah Ya sa albarka a gonar.